Fanshon Mazan Jiya: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Ta Ƙofar 'Yandaka Gwamna Lugga ya shigo birnin Katsina a 1903, bayan Kano da Sakkwato sun faɗa hannunsa. Wannan sananne ne a garin. Abin da ba a cika kawowa ba shi ne su waye suka biyo bayan dokinsa riƙe da bindigogi. Turawan cikin ayarin 'yan tsiraru ne, sauran duk baƙar fata, kuma da Hausa ake ba da yawansu umarni. Asalin rundunar tasu mutum 18 ne da wani hafsan Ingila, John Glover, ya tara a 1863, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga wannan ɗan gungu Rundunar Sojan Nijeriya ta yau take ƙirga shekarunta.

Tun daga wancan zamani 'ya'yan ƙasar Katsina ba su rabu da kaki ba. Sun je Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, har Sarki Usman Nagogo ya bi su can ya duba su. Sun je Kwango. Sannan aka zo yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. Kowane yaƙi yakan dawo da mutane iri biyu gida, masu shigowa da ƙafafunsu da waɗanda ake ɗaukowa. Me ƙasa take ba waɗannan na biyun, kuma sai yaushe? Ga abubuwan da na tattaro a kan haka, na gida da na waje.

Daga dubu 10 zuwa dubu 250

Ranar 6 ga Yuli, 1967 aka yi harbin farko a Gakem, kusa da Ogoja. A lokacin sojan Nijeriya duka-duka bai wuce mutum dubu 10 ba. Gwamnati ta ɗauka abu ne na 'yan makonni, har ta kira shi aikin 'yan sanda. Sai da ya ci wata 30. Ranar da aka ajiye makamai, 15 ga Janairu, 1970, rundunar ta kai kimanin mutum dubu 250.

Ina aka samo su? An sake kiran tsofaffin sojojin Bama, wasunsu har sun fara furfura suna gadi ko noma. An ɗebi 'yan dokan En'e. An buɗe ƙofa ga samarin ƙauye da na kasuwa da na tasha, a yi musu horon 'yan makonni a Zariya, a zuba su a jirgin ƙasa sai Kudu. Ɗan Sarki Nagogo, Hassan Usman Katsina, wanda ya yi gwamnan Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967, shi ya zama Babban Hafsan Sojan Ƙasa a 1968, ana tsakiyar wannan ɗiba.

Ofishin da aka tanada don ajiye bayanan mutum dubu 10 shi aka jibga wa na dubu 250, cikin gaggawa, wuta na ci. Yawancin kuratan ba su da takardar haihuwa, kuma an saba rubuta sunan mutum a haɗa da na garinsu, sai ka tarar da masu suna ɗaya barkatai. A ganina rabin rikicin fanshon da ake fama da shi har yau daga nan ya samo tushe.

Shekara ɗaya a bakin daga, biyu a takarda

Dokar fanshon soja ta 1979 tana da wani sashe na adalci: kowace cikakkiyar shekara da soja ya yi a yaƙin basasa, shekara biyu ake ƙirga masa. Madalla da wanda ya rubuta wannan.

Sai dai akwai wata ƙa'idar da ta cinye alherin. Daga Afrilun 1977 zuwa ƙarshen Mayun 1992, sai mutum ya cika shekara 15 a bakin aiki kafin ya cancanci fansho. Mai shekara 10 garatuti kawai yake samu. To, yi lissafi da kanka. Saurayi ya shiga soja a 1968, aka sallame shi a 1978 ko 1979, lokacin da ake ta rage yawan dakaru. Ko an ninka masa shekarun yaƙi, yana tsayawa a 12 ko 13. Sai a danƙa masa kuɗin sallama dunƙule ɗaya, a ce ya sauka lafiya. A Yunin 1992 aka sauko da ƙa'idar zuwa shekara 10, amma waɗanda aka riga aka sallama sun shafe shekaru suna kai kukansu Abuja cewa gyaran bai taɓa su ba. Mutum biyu sun kwana rami ɗaya a dajin Abagana, ɗaya yana jin ƙarar alat duk wata, ɗayan ko sisi, kuma abin da ya raba su ranar da aka buga wa takardarsu hatimi ce.

Wanda ya taɓa zama kusa da irin waɗannan dattawa ranar da suke shirin tafiya tantancewa ya san yadda abin yake. Leda ce cikin leda, ana ciro ta daga ƙasan akwati. A ciki takardar sallama ce da ta koma ruwan ƙasa, wurin ninkin ya tsage an liƙe da salatif, ga ɗan hoton wani saurayi mai siririn wuya da hular soja wanda jikokin gidan ba sa gane kakansu ne. Ka tambaye shi shekarar haihuwarsa, sai ya ce shekarar fari ce ko ta wani sarki. Ka tambaye shi lambarsa ta soja, wadda ta fara da 63NA, zai karanto maka ita tiryan-tiryan ba ko numfashi. Idan gara ko gobara ko ruwan sama ya ci wannan leda, shekarun mutum sun tafi.

Rage sojan nan ma bai zo da sauƙi ba. Cikin ƙorafe-ƙorafen da aka danganta da yunƙurin juyin mulkin Dimka, wanda ya ci ran Janar Murtala ranar 13 ga Fabrairu, 1976, har da shirin rage yawan dakaru.

Shugabannin ɓangarorin biyu duk sun rasa fanshonsu

Wannan kam abin a riƙe baki ne. Ojukwu, jagoran ɓangaren Biyafara, ya tsere Kwaddibuwa a Janairun 1970, korarre daga soja, ba shi da haƙƙin komai. Gowon, wanda ya ci yaƙin, an hamɓarar da shi a 1975, ya zauna Ingila yana karatu a Jami'ar Warwick. Bayan yunƙurin Dimka na 1976 aka tuɓe masa muƙami aka tsayar da fanshonsa. Ke nan akwai shekarun da mutanen nan biyu, da suka ja ragamar yaƙin daga gefe da gefe, kowannensu yana gudun hijira, kuma babu mai karɓar ko kwabo daga rundunar da suka yi wa aiki. Shugaba Shehu Shagari ne ya yi musu afuwa su duka, Gowon a 1981, Ojukwu a 1982. Muƙamin Janar kuwa sai a 1987 Babangida ya mayar wa Gowon.

Babangidan da kansa an harbe shi a ƙirji a Uzuakoli a 1969. Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan birnin Katsina, yana cikin waɗanda suka kama Anaca a 1968, kuma a gidan yarin Abakaliki, cikin ƙasar da ya yi yaƙi a kanta, Allah Ya karɓi ransa a Disambar 1997.

'Yan Jihar Katsina biyu suka biya tsofaffin abokan gaba

Obasanjo ne kwamandan da Biyafara ta miƙa wa wuya a fagen daga a 1970. Shekara 30 bayan haka, a Mayun 2000, yana shugaban ƙasa, shi ne kuma ya mayar da korar da aka yi wa sojoji da 'yan sandan da suka koma ɓangaren Biyafara ta zama ritaya. Amma sa hannu daban, kuɗi a hannu daban. Sai a Janairun 2008, zamanin Umaru Musa 'Yar'aduwa, Ojukwu da wasu tsofaffin hafsoshi suka karɓi cakin fanshonsu, shi a matsayin Laftanar Kanar, muƙamin da yake da shi kafin yaƙi. Bai cika shekara huɗu yana cin fanshon ba ya mutu a Landan, a Nuwambar 2011.

'Yan sandan kuma sai a Oktobar 2017 aka kira wani rukuninsu a Inugu: mutum 162 masu rai, da magadan wasu 57. Shugaban da ya amince a biya su Muhammadu Buhari ne na Daura, wanda ya yi yaƙin yana ƙaramin hafsa a Runduna ta Ɗaya. Ina ganin wannan abin alfahari ne ga jihar nan, ko da yake shekara 47 jira ne mai tsawo ga mai rai.

Afuwar ba ta shafi kowa ba. Ta tsaya ga waɗanda dama ma'aikatan Nijeriya ne kafin yaƙi. Samarin da Biyafara ta ɗiba kai tsaye ba su da lamba a kowane kundi na tarayya. Naƙasassunsu aka kwashe aka kai Oji River a 1975, kuma shekara da shekaru matafiya a hanyar Inugu zuwa Anaca suna ganinsu jere a bakin titi kan kekunan guragu suna bara. Duk Bahaushen da ya yi fataucin shanu ko goro ta wannan hanya a wancan lokaci zai ba ka labarinsu.

Fam 20

Bayan yaƙi, wanda ya kai kuɗin Biyafara banki, komai yawansu, fam 20 aka ba shi. Da aka canza kuɗi a Janairun 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, wato naira 40 ke nan.

A Oktobar 2017 kuma, a gaban Kotun ECOWAS, Gwamnatin Tarayya ta amince za ta fitar da naira biliyan 88: biliyan 50 diyyar waɗanda nakiyoyi da ragowar bama-baman yaƙin suka illata, biliyan 38 don tono waɗanda suka rage a ƙasa. Kusan rabin ƙarni da tsayar da wuta, manomi a can yana iya kai fartanya kan abin da aka binne kafin a haife shi.

Amurka: fanshon da ya yi shekara 155 ana biya

A nan ne abubuwan mamakin suka fi yawa. Yaƙin basasar Amurka an yi shi daga 1861 zuwa 1865. Tun ana tsakiyarsa, a 1862, aka yi dokar ba ƙaramin sojan da ya naƙasa gaba ɗaya dala 8 a wata, kuma a hankali aka yanka wa kowace gaɓa farashinta, daga ɗan yatsa har ido. A 1868 suka shigar da maganar cikin tsarin mulki, cewa bashin fanshon waɗanda suka kare ƙasa ba abin jayayya ba ne.

Tsofaffin sojojin suka kafa ƙungiya mai mambobi kimanin dubu 400, suka zama masu ɗora shugaba da sauke shi. Shugaba Cleveland, wanda a lokacin yaƙi ya biya wani ya je a madadinsa, ya ƙi sa hannu a dokar fanshon matalautan sojoji a 1887. Da aka zo zaɓen 1888 ya faɗi. Wanda ya gaje shi, Harrison, tsohon janar na yaƙin, ya sa hannu a 1890: duk tsohon sojan da ya yi kwana 90 a aiki kuma ba ya iya aikin ƙarfi yana da fansho, ko ba a fagen daga ya samu naƙasar ba. Zuwa 1893 kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin gwamnatin tarayyarsu fanshon yaƙin nan yake tafiya.

Ofishin fanshon da suka gina a Washintan ya ci bulo fiye da miliyan 15, yau gidan tarihi ne. Abin da ya fi taɓa ni a ginin matakalarsa ce. An yi ta gajeru-gajeru da gangan, don mai ƙafar katako da tsoho su iya hawa. Ina ma masu zana ofisoshinmu za su riƙa tuna wa zai hau benen.

Mutum na ƙarshe da ya ci wannan fansho mace ce, Irene Triplett. Mahaifinta ya fara yaƙin a ɓangaren 'yan tawaye, ya gudu ya koma na gwamnati, ya yi aure da tsufansa, aka haife ta a 1930 yana da shekara 83. Da yake tana da taɓuwar ƙwaƙwalwa, haƙƙin ya zauna a kanta. Dala 73 da santi 13 ake ba ta duk wata, ba fashi, har ta mutu ranar 31 ga Mayu, 2020. In da irin haka za ta faru da namu yaƙin, sai a 2125 za a rufe littafin.

A Disambar wannan shekarar ta 2020 wata tsohuwa, Helen Viola Jackson, ta mutu a Jihar Mizuri tana da shekara 101. Tana 'yar shekara 17 take taimaka wa wani tsohon soja mai shekara 93 da aikin gida. Ba shi da abin biyanta, sai ya ce ta aure shi don ta gaji fanshonsa. Aka ɗaura a 1936, ya mutu a 1939. 'Yarsa ta yi mata barazanar ɓata mata suna, sai yarinyar ta ja bakinta ta yi shiru. Ba ta nemi fanshon ba, ba ta ƙara aure ba, kuma ba ta faɗa wa duniya ba sai a 2017.

Waɗanda aka ci da yaƙi fa? Gwamnatin tarayya ba ta ba su komai ba, alhali suna biyan harajin da ake biyan abokan gabarsu da shi. Jihohinsu na Kudu, da yaƙi ya talauta, su suka riƙa ɗan tsakura musu, bisa sharaɗi mai ɗaci: sai ka tabbatar kai naƙasasshe ne ko matalauci, ka kuma kawo shaidun cewa ba ka gudu daga fagen daga ba. Dattijo ya tsaya gaban hukuma yana rantsuwa cewa ba shi da komai kafin a ba shi haƙƙin jininsa. Karolina ta Arewa ta fara raba ƙafar katako kyauta a 1866, wanda ba ya so a ba shi dala 70. Sai a 1958, shekara 93 bayan yaƙi, majalisar ƙasar ta yarda a biya matan sojojin Kudu da suka rage.

Wani ɗan shekara 18, James Hanger, ya rasa ƙafa a Yunin 1861, kwana biyu da shigarsa soja. Ya koma gida ya kulle kansa a ɗaki, ya sassaƙa wa kansa ƙafa mai lanƙwasuwa da katakon ganga. Kamfanin da ya kafa yana nan har yau yana ƙera gaɓoɓin roba.

Ingila, Sifaniya, Ayalan

A Ingila, bayan basasarsu ta shekarun 1640, sojojin majalisa da suka naƙasa su ke karɓar fansho. Da sarauta ta dawo a 1660, sai aka soke nasu aka mayar wa naƙasassun sojojin sarki. Rauni ɗaya, gari ɗaya, mai mulki ne kawai ya canza.

A Sifaniya yaƙi ya ƙare a 1939. Janar Franco ya kafa wa naƙasassun ɓangarensa ƙungiya ta musamman da albashi da girmamawa. Na ɗaya ɓangaren ba su ga komai ba sai bayan mutuwarsa a 1975, cikakkiyar dokarsu kuma sai a 1980.

Ayalan ta fi su saurin gyara. Basasarta ta ƙare a 1923, dokar 1924 ta biya waɗanda suka yi nasara, ta 1934 ta shigo da waɗanda aka kayar. Amma wata mace, Margaret Skinnider, da aka harba sau uku a boren 1916, an hana ta fansho a 1925 da hujjar cewa dokar maza take nufi. Sai a 1938 aka ba ta.

Ranar da fansho ya karya kuɗin ƙasa

Akwai kuma inda aka yi abin da ka. A 1997 tsofaffin mayaƙan Zimbabuwe suka matsa wa Mugabe lamba, bayan an gano manya sun wawushe asusun diyyar naƙasassu, har wasu masu lafiya garau da ke zuwa ofis kullum an rubuta musu naƙasar fiye da kashi 90 cikin 100. Don ya kwantar da su, ya yi alkawarin dalar ƙasar dubu 50 ga kowane mutum, da dubu 2 duk wata, ga mutane kimanin dubu 50, ba tare da kuɗin suna cikin kasafi ba. Ranar Juma'a 14 ga Nuwamba, 1997, dalar Zimbabuwe ta zubar da kusan kashi 70 cikin 100 na darajarta cikin sa'o'i. Talakan sojan da aka yi abin dominsa shi tsadar ta fara ci. Ɓarawon asusun naƙasassu ya cuci mutum sau biyu.

Sule uku da sisi

Kakanninmu na Bama ma ba su tsira ba. Takardun da aka bankaɗo a 2019 sun nuna yadda Ingila ta lissafa kuɗin sallama bayan 1945: farar fata ƙaramin soja sule 10 kan kowane watan aiki, baƙar fatar Afirka mai muƙami ɗaya da shi sule uku da sisi.

A Ankara ta ƙasar Gana, ranar 28 ga Fabrairu, 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna kan haƙƙoƙinsu, aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ta buɗe hanyar 'yancin 1957.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da suka yi wa Faransa soja, nasu ya fi ciwo. Ranar 1 ga Disamba, 1944, a barikin Thiaroye kusa da Dakar, aka buɗe wa sojojin Afirka ta Yamma wuta don sun nemi ariyas ɗinsu. Faransa ta ce mutum 35 ne, masana tarihi suka ce sun fi haka nesa, kuma sai a 2024 shugabanta ya amsa cewa kisan kiyashi ne. A 1959 kuma ta yi dokar daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da ke samun 'yanci: na Bafaranshe yana hawa da tsadar rayuwa, na Ba'afirke yana nan inda yake. Wani tsohon saje ɗan Sanagal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, shi kuwa ya riga ya rasu. An fara daidaitawa a 2007, aka kammala a 2011, lokacin da masu haƙƙin suka kusa ƙarewa.

Diwanin Sayyidina Umar

Mu da muke Musulmi ba mu da uzurin cewa wannan baƙon abu ne. Sayyidina Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani, kundin da aka rubuta sunayen mayaƙa da iyalansu ana ba su rabo daga baitulmali duk shekara. Waɗanda suka halarci Badar dirhami dubu 5 kowannensu. Da farko ba a sa yaro sai an yaye shi. Da ya ji kukan wani jariri da dare, ya gane uwar tana gaggauta yaye ne don a sa ɗanta a kundi, sai ya ba da umarni a riƙa rubuta kowane jariri tun daga haihuwa. Shugaba ne ya fita da ƙafarsa ya gano inda dokarsa take cutar da mai rauni, ya gyara ta washegari.

15 ga Janairu

A da, ranar 11 ga Nuwamba Nijeriya take tunawa da mazan jiya, tare da sauran ƙasashen renon Ingila. Saboda yaƙin basasa aka mayar da ita 15 ga Janairu. Ana ajiye furanni, a saki tattabaru, a sayar da bajon tunawa, 'yan ƙungiyar tsofaffin sojoji da aka kafa da doka tun 1964 su fito fareti da lambobinsu a ƙirji. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya sa Arewa duka dariya da rayuwar bariki, shi ma kakin gaske ya sa kafin na wasa. Ya rasu a Nuwambar 2023. Tsararsa ke nan suke ta tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Dokokin kuwa ba su da laifi a rubuce. Sashe na 173 na tsarin mulkin 1999 ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk lokacin da aka ƙara albashi, kuma ba a cire masa haraji. A 2011 an fitar da soja daga tsarin fanshon adashi aka bar nauyinsu a wuyan gwamnati. Duk da haka, a ƙarshen 2024 da farkon 2025 tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman ariyas. Bai kamata mai furfura da ya ba da ƙafa ko ido ya kwana a titi kafin a ji shi ba. Bashi ne ake binmu, kuma wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1969 yau ya haura 70.

Ina roƙon Hukumar Fanshon Soja ta riƙa bin waɗanda ciwo ya kwantar har gida, ta kuma sake duba maganar waɗanda ƙa'idar shekara 15 ta bari a baya tun suna da sauran numfashi. Ina roƙon Gwamnatin Jihar Katsina da masarautun Katsina da Daura su sa masu unguwanni su ƙidaya nasu, a san su waye, a san halin da suke ciki.

Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan dattijo a gidanku ko a unguwarku, daga Ƙofar Guga har Ƙofar Marusa, kada ka jira gwamnati. Karɓi ledar nan ka yi wa kowace takarda hoto da wayarka, ka buga kwafi ka ajiye a wani gidan. Yanzu an shigo da tantancewa ta intanet, tsoho ba zai iya shi kaɗai ba, ka zauna ka yi masa. Ka tabbata sunan magajin da ke cikin fayil ɗinsa na mai rai ne, don kada matarsa ta tashi a tutar babu. In kun gama, ka kunna rikoda ka ce, "Baba, a ina aka harbe ka?" Zai faɗa maka.